J. Reuben Clark, jakadan da ya koma shugabancin coci

Rayuwar J. Reuben Clark tana burge ni ƙwarai. Lauya ne haifaffen jihar Utah, ya yi jakadan Amurka a Meziko daga 1930 zuwa 1933. Yana ajiye aikin, cocin Mormon ya naɗa shi mataimaki na biyu ga shugaba Heber J. Grant, alhali ko muƙamin bishof, wato jagoran majami'ar unguwa a cocin, bai taɓa riƙewa ba.

Ya tsaya tsayin daka kan shirin tallafin cocin na 1936: sau ɗaya a wata mabiya su tsallake abinci biyu, su miƙa kuɗin ga bishof domin mabuƙata, mai lafiya kuma ya yi aiki a madadin abin da ya karɓa. Tsoronsa kada taimako ya haifar da zaman kashe wando. Ya rasu a 1961 yana cikin shugabancin cocin.