Wane kwafi za a goge, wane za a bari?

Faifan da muke zuba kwafin bayanan shago a ciki ya cika maƙil, dole a rage. Abokin aikina ya ce a bar na kwana 30 na baya-bayan nan, a share sauran. Na ce sam, kuma har yanzu ina kan bakana.

Ɓarnar fayil ba ta yin sallama. Fayil ɗin lissafi zai iya lalacewa a Janairu, ba wanda ya buɗe shi sai Afrilu, lokacin kuwa duk kwafi 30 ɗin da ke hannunka lalatacce suka ɗauka. Ina amfanin yawansu?

Shi ya sa na fi son tsarin kaka, uba da ɗa: a bar na kullum guda 7, na mako 4, na wata 12. Kwafi 23 ke nan, ba su kai 30 ba, amma sun miƙe har bara. Time Machine, manhajar ajiye kwafi ta Apple, ma kusan haka yake yi, yana riƙe na kowace awa na awa 24, na kullum na wata guda, sauran kuma na mako-mako.

Da manhajar ajiye kwafi ta BorgBackup muke aiki. Kafin prune, umarnin da ke goge tsofaffin kwafi, ya taɓa komai na sa masa --dry-run da --list don ya jera abin da zai goge ba tare da ya goge ba, na bi jerin layi-layi da yatsa, don abin da aka goge ya tafi ke nan. Ga masu amfani da shi kuma, daga sigar 1.2 sai an bi bayan prune da umarnin compact kafin fili ya dawo a faifan.