Amp Fiddler da kantar Detroit a shagona

Sana'ata sayar da faya-fayan garmaho ce, sababbi da na hannu, a wani ɗan shago a birnin Berlin na Jamus. Idan na faɗa wa mutanen gida haka sai su zaci kayan tarihi nake sayarwa, irin wanda kakanni suka bari a adaka. Alhali baƙin faifan nan mai faɗin inci 12 har gobe ana buga sabo, kuma masu sa kiɗa a gidajen rawa, wato DJ, su ne suke riƙe da cinikina. Rabin kayan shagon tekno ne da hawus, wato nau'o'in kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura. Sauran kuwa sol, fank, jaz, da ɗan abin da ya samu na Afirka.

Kaya yakan zo mini a kwalaye. Wani DJ ya ajiye sana'a, wani zai tashi daga gida ba shi da wurin sa su, wani kuma ya rasu magada suna son a kwashe. Sai in zauna in zare kowane faifai daga rigarsa, in karkata shi a ƙarƙashin fitila in nemi ƙarzuwa, in ɗora shi a na'ura in ga ko zafi ya lanƙwasa shi. Mai datti a wanke shi da tataccen ruwa da ɗigon sinadari, inji ya zuƙe ruwan. Bayan haka dole a saurara, don ido yana ruɗi. Wani faifan yana ta sheƙi, amma tsohuwar allura ta riga ta cinye layukansa, da ka sa shi sai ka ji ƙara kamar ana suyar ƙosai a bayan waƙar. Farashi kuwa ya daina zama sirri tun da aka buɗe shafin Discogs a 2000, wanda da farko ma don kiɗan na'ura kaɗai aka yi shi. Kowane mai saye da wayarsa a hannu, ya san nawa aka sayar da irin faifan a Landan ko Tokyo.

Abin da ya rage wa mai shago shi ne sanin wanda ya yi kiɗan. Ba wanda aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a gaba kaɗai ba, har waɗanda ke cikin ƙananan rubutun baya: wa ya kaɗa fiyano, wa ya yi amshi, a wane ɗaki aka naɗa. Wannan karatun ne ya sa na shaƙu da sunan Amp Fiddler. Ɗan yayata da ke taya ni jera kaya ranar Asabar ya taɓa tsayawa da faya-fayai a hannu ya ce, "Kawu, wannan bawan Allah ina ne wurinsa? Na gan shi a kantar sol, na gan shi a ta hawus, ga sunansa kuma a bayan wani na jaz." Na ce masa, "Ɗana, duka wurinsa ne. Zauna in gaya maka."

Sunansa na yanka Joseph Anthony Fiddler, an haife shi a Detroit ta jihar Michigan a 1958. Makaɗin fiyano ne kuma mawaƙi, mai murya mai taushi da ɗan kaushi a ƙarshenta. Ya fara yawon kiɗa da ƙungiyar sol ta garinsu mai suna Enchantment, sannan daga 1985 zuwa 1996 ya zama mai fiyanon George Clinton a Parliament-Funkadelic. Shekara 11 ke nan a bayan ubangidan fank, kuma duk wanda ya san wasan wannan ƙungiya ya san ba wurin rago ba ne, don sukan kwashe sa'o'i a kan dandamali ba hutu. A 1990 shi da ɗan'uwansa Bubz, mai jitar bes, suka fitar da faifai a kamfanin Elektra da sunan Mr. Fiddler. Bai yi kasuwa ba. Sai ya ci gaba da aikin haya, yana kaɗa wa wasu: hannunsa yana cikin aikin Prince, yana kuma cikin faifan Maxwell na farko na 1996. Nasa na kansa na farko, Waltz of a Ghetto Fly, bai fito ba sai da ya wuce shekara 40 da kyau.

Da a ce nan labarin ya tsaya, da kantar sol ta ishe shi. Amma Detroit gari ne da ba a raba makaɗansa gida-gida. Can ne Berry Gordy ya kafa Motown a 1959, kuma da kamfanin ya tattara ya koma Los Angeles a 1972, ya bar ɗimbin gwanaye a baya, wasu a coci, wasu a ƙananan gidajen rawa. Masana'antun mota suna ta rage ma'aikata, garin da ya kai mutum miliyan 1.8 a 1950 yana ta zubar da jama'a. A cikin wannan hali ne wasu samari uku baƙaƙen fata da suka yi sakandare a Belleville, wani gari kusa da Detroit, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka fara haɗa kiɗa da na'urorin ganga irin su Roland TR-808 da TR-909. Sun taso suna jin wani mai shirin rediyo na dare, Electrifying Mojo, wanda yakan sa Kraftwerk na Jamus ya bi shi da Parliament ko Prince ba tare da ya nemi afuwar kowa ba. Abin da suka yi shi aka kira tekno. A Chicago kuma, tafiyar 'yan sa'o'i a mota, Frankie Knuckles ya fara sa kiɗa a gidan rawa na Warehouse a 1977, inda hawus ya samo asali daga tsofaffin faya-fayan disko da sol. Derrick May ya taɓa kwatanta tekno da abin da zai fito idan lif ya maƙale da George Clinton da Kraftwerk, ba su da komai sai na'urar jera sauti. To, Fiddler shi ne mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zaune a fiyanon Clinton ɗin.

Ga yadda abin yake a aikace. Na'ura tana iya ba ka bugun ganga daidai wa daida, dum dum dum dum, har gari ya waye ba ta gaji ba. Abin da ba ta da shi shi ne hannun da ya san inda zai ɗan jinkirta, da irin haɗin sautin da ake koya a coci da wajen makaɗan jaz. Masu hawus na Detroit da suka biyo baya sun san haka, shi ya sa suka nemi gwanayen unguwa. Kenny Dixon Jr., wanda aka sani da Moodymann, ya sa Fiddler a faya-fayansa, ya kuma fitar da waƙarsa a ɗan kamfaninsa Mahogani Music da laƙabin Amp Dog Knight. Wanda bai san laƙabin ba zai wuce faifan a kwali bai san abin da ya wuce ba. Carl Craig, mai kamfanin Planet E, ya haɗa shi da dattawan jaz irin su Marcus Belgrave a aikin The Detroit Experiment. Theo Parrish kuma, da ya tashi fita da ƙungiyar makaɗa a 2014 don su kaɗa da hannu abin da ya saba haɗawa da na'ura, Fiddler ne a kan fiyano. A 2017 Mahogani ta fitar masa da cikakken faifai, Amp Dog Knights.

Idan mai saye ya ce mini shi kiɗan inji zalla yake so, nakan sa masa abin ji a kunne, in ɗora ɗaya daga cikin waɗannan, in ce ya bar gangar ya bi fiyanon. Sautin Rhodes ne, fiyanon lantarki mai ɗumi, yana shigowa a makare kaɗan, yana hawa yana sauka kamar mai amsa wa liman a coci. Sai ka ga kansa ya fara kaɗawa. Yawanci da faifai biyu yake fita.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a bayan faifai, wanda ni a wurina ya fi komai girma. Gidansa yana unguwar Conant Gardens, kuma ɗakin ƙasan gidan situdiyo ne da ake kira Camp Amp, ƙofarsa a buɗe ga yaran unguwa. Cikinsu akwai wani yaro mai shiru-shiru, James Yancey, da ke haɗa kiɗa da kaset yana danna tsayawa yana saki. Fiddler ya zaunar da shi gaban Akai MPC60, wani akwati mai maɓallan roba 16 da ake naɗar guntun sauti a ciki a riƙa buga shi da yatsa, ya nuna masa kanta, ya bar shi da ita. A 1994, lokacin rangadin Lollapalooza, ya gabatar da shi ga Q-Tip na ƙungiyar hip-hop ta A Tribe Called Quest. Yaron nan shi ne J Dilla, wanda ya sauya yadda ake buga gangar hip-hop kafin ya rasu a 2006 yana da shekara 32. A lokacin na'urar nan kuɗi ce mai yawa. Mutum ya ɗauki abin da yake ci da shi ya danƙa wa ɗan maƙwabta, ba yarjejeniya, ba kaso. Ban san abin da za a kira wannan ba in ba alheri ba.

Saboda irin wannan ne na daina raba kayan garin bisa nau'in kiɗa. Na sa katako ɗaya na rubuta Detroit a kai. Motown, Funkadelic, Underground Resistance, Slum Village ta su J Dilla, Moodymann, Fiddler, duk suna jere a wuri ɗaya. Wasu abokan sana'a suna ganin hakan yana rikita mai saye. Ni abin da na gani shi ne mai neman tekno yana tsintar sol a hanya, ya tambaya, a yi hira, ya dawo.

Kayan wannan kantar suna da alamominsu, kuma su ne muke dubawa don gane bugun asali. Tsakanin layin ƙarshe na waƙa da takardar tsakiya akwai ɗan fili mai santsi. Idan ka karkata shi ga haske za ka ga rubutu da aka ƙarza da hannu. A yawancin tsofaffin faya-fayan tekno na Detroit za ka ga haruffan NSC, alamar wurin aikin Ron Murphy, wanda ya yanka musu uwar faifai har ya rasu a 2008. Underground Resistance, ƙungiyar da Mike Banks da Jeff Mills suka kafa a 1989, sukan bar saƙo a wannan fili, su kuma rufe fuskokinsu a hoto. Da yawa a Archer aka buga su, wata ƙaramar masana'antar iyali da ke aiki a garin tun 1965. Wannan shi ne kiɗan bayan fage: ƙaramin kamfani, kwafi 'yan ɗaruruwa, ba talla, ba rediyo, wani lokaci ko hoto babu a riga. In ya ƙare ya ƙare, sai an ga dama a sake bugawa.

Berlin ta ci gajiyar wannan ƙwarai. Bangon Berlin ya faɗi a Nuwamban 1989, a shekarar ce Mark Ernestus ya buɗe shagon Hard Wax yana shigo da kaya kai tsaye daga Detroit da Chicago. A 1991 Dimitri Hegemann ya buɗe gidan rawa na Tresor a tsohuwar ma'ajiyar kuɗi ta wani kanti a ƙarƙashin ƙasa, kuma faifan farko da kamfanin Tresor ya fitar na mutanen Underground Resistance ne. A Maris ɗin 2024 Jamus ta sa al'adar tekno ta Berlin cikin jerin al'adun ƙasa da ake tattali. Na yi murna, don a nan nake cin abinci. Amma yana yi mini ciwo in ga yaro ɗan shekara 20 da ke kwana a gidan rawa bai san baƙaƙen fatar wani garin ma'aikata a Amurka ne suka ƙirƙiro abin da yake taka wa rawa ba. Laifin ba nasa ba ne, ba wanda ya gaya masa. Shi ya sa ba na gajiya da faɗa, ko da mutum faifai ɗaya ya zo saya.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta da daɗi. Faifan hannu, ko nawa na sayar da shi, ko sisi ba ya isa ga mawaƙi. Ni da wanda ya sayar mini muka raba. Fiddler ya yi fama da ciwon daji, har sai da aka buɗe masa gidauniyar neman taimako a intanet don kuɗin asibiti, mutumin da hannunsa ke cikin faya-fayan da suka cika gidajen rawa na Turai. Ya rasu a Disamban 2023 yana da shekara 65. A kasuwarmu an san abin da ke biyo bayan rasuwar mawaƙi: kafin mako ya zagayo farashi ya tashi. Faya-fayansa da ke shagona na bar su a kan kuɗin da ke manne a jikinsu, suka ƙare cikin ɗan lokaci. Ban ga wanda ya ƙara a matsayin mugu ba, haya tana jiran kowa, amma ni zuciyata ba ta ba ni ba.

Abin da nake iyawa shi ne in riƙa sarin sabon bugu daga ƙananan kamfanonin Detroit ɗin, ko ta hannun dillalansu na Turai, don wani abu ya koma inda kiɗan ya fito. Ribarsa kaɗan ce. Faifai yana da nauyi, kuɗin jirgi daga Amurka ya yi tsada, ga harajin shigo da kaya na kashi 19 cikin 100 da ake biya a nan. Idan kwali ya kwana a rana a hanya wasu su iso a lanƙwashe, asarar tawa ce. Wani lokaci kuma ka aika oda ka yi ta jira, don kamfanin mutum ɗaya ne, shi ne mawaƙi, shi ne mai ɗaure kwali, shi ne mai zuwa gidan waya, kuma yana can yana wasa a Japan. Shi ya sa yanzu mukan haɗu da wasu masu shaguna biyu mu yi oda ɗaya mu raba kuɗin jirgin, wanda kuma ya ga an sake buga wani abu na Mahogani ko Sound Signature na Theo Parrish sai ya kira sauran tun kafin ya ƙare.