Kwana tara a Nima, ana saura kaɗan azumi

Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Akra ba. Ankara take cewa, yadda ta ji a bakin fataken goro. Ƙaninta ne ya bi goro ya ƙi dawowa, ya yi aure a unguwar Nima ta Akra, ya bar zuriya. Saboda haka da Kawu ya bugo waya ya ce zai aurar da autarsa kafin azumin 2024, dangi suka dube ni, wai ni ne mai fasfo da bakin Turanci. Na ɗaure turamen atamfa da kwalin turaren wuta, na hau motar dare daga Kano zuwa Legas.

Hanyar Seme da Kwatano da Lome ba sai na ɓata muku lokaci da ita ba. Shinge ne bayan shinge, kowane shinge da hannu a miƙe. A Aflawo muka shiga Gana ranar 2 ga Maris, na canza kuɗi zuwa sidi, na samu kujerar bayan direba a wata ƙaramar bas.

Tun kafin mu haye gadar kogin Bolta a Sogakope na lura rediyon direban magana ɗaya yake yi. Rabi Turanci, rabi Tiwi, suna ɗaya na ta dawowa: Sam George. Wata mai kifi da ke gefena, da ta ji ina lazimi, ta juya mini Hausarsu ta Zango ta ce ɗan majalisa ne, kuma nan gaba kaɗan za mu ratsa mazaɓarsa, Ningo-Prampram. Kwana uku ke nan, ranar 28 ga Fabrairu, da majalisar dokoki ta amince da ƙudurin da shi da wasu 'yan majalisa bakwai suka shigar tun 2021. Ɗaurin da zai kai shekara 3 ga mai luwaɗi ko maɗigo ko wanda ya fito ya ce shi haka yake, shekara 3 zuwa 5 ga mai tallata harkar ko ɗaukar nauyinta da kuɗi. Saura sa hannun shugaba Akufo-Addo. Na ce a raina mu ai tun Janairun 2014 Jonathan ya sa hannu a tamu mai shekara 14, me ya yi zafi? Na gyara zama na yi barci har Tema.

Nima ta fi ƙarfin kwatance. Lungu ne wanda mutum biyu ba sa jerawa, kwata a tsakiya, hayaƙin kosai da na babur a haɗe, kiran salla daga masallaci uku a lokaci guda. Da safe akwai koko mai yaji da suke kira Hausa koko, da wace, wato shinkafa da wakenmu ne aka dafa da karan dafi har ta yi ja. Hausar kuwa sai ka saurara da kyau. Mace ma "ya zo" ne, "ya tafi" ne. Ranar farko da aka ce mini "amarya ya fita" sai da na waiga.

Ɗan Kawu, abokin wasana, gyaran waya yake yi a Sakul, wani babban shataletale a Akra. Shi ya ɗauke ni a baya kamar jaka, ya kai ni babban masallacin ƙasa na Kanda wanda Turkawa suka gina, mai hasumiya huɗu, ya kai ni Sabon Zango unguwar Malam Baƙo, duk inda muka tsaya sai ya gabatar da ni da "bawana ne daga Kano." Da dare muna zama a dandalin shayinsu, abin da suke kira bes. Nan na gane maganar rediyon nan ba ta tsaya a rediyo ba.

Daren Litinin 4 ga wata wuta ta ɗauke, muna zaune da fitilar waya, labari ya zo cewa ma'aikatar kuɗi ta rubuta wa shugaban ƙasa takarda: in ya sa hannu, Gana za ta iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya cikin shekara biyar zuwa shida. Ba barazanar banza ba ce, domin a watan Agustan 2023 bankin ya dakatar da sabon bashi ga Yuganda a kan irin wannan doka. Ga shi ƙasar tana tsakiyar shirin dala biliyan 3 na Asusun Lamuni na Duniya. A ranar kuma shugaban ya gaya wa jakadu zai jira hukuncin Kotun Ƙoli a kan ƙudurin.

Kawu, wanda ba ya zama da yara, ranar sai da ya ja kujera.

"Su riƙe kuɗinsu," in ji shi. "A 2011 Kamaron na Ingila ya ce zai yanke taimako, marigayi Atta Mills ya ba shi amsa a fili. Mun mutu? Bara matar nan Kamala ta zo daga Amurka, aka tayar da maganar a fadar shugaban ƙasa, gaban 'yan jarida. A gidanka baƙo zai koya maka tarbiyya?"

"Baba, sidin da ke aljihunka ne zai ji a jikinsa," in ji ɗansa.

"Ya ji. Da ma lafiya gare shi?"

Aka yi dariya. Ban ga mutum ɗaya a wurin da ke bayan jakadun ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Ofishin babban limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, yana bayan ƙudurin, manyan majami'u ma haka. Abin da na lura shi ne, duk sanda aka karanto sanarwa daga waje, kamar ta Volker Türk, shugaban ofishin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya nemi kada ƙudurin ya zama doka, sai wurin ya ƙara zafi. Ba a ma sauraron abin da ta ƙunsa. Daga ina ta fito, shi ke nan an gama hukunci.

Wani abu ɗaya ne ya sa Kawu ya yi shiru. Ɗansa yana lissafa haruffan nan na Turanci da ake jerawa, LGBTQI, ya zo kan na ƙarshe, ya ce wannan na mata-maza ne, waɗanda aka haifa da halitta biyu. Kawu ya ce, "Kai, huntha? Wannan ai yana cikin babin gado, malamai sun yi masa hukunci tun kafin a haifi kakan Bature. Wa ya saka shi a cikin wannan layi?" Babu wanda ya amsa masa. Ni ma na kwana ina juya maganar.

Ana gobe ɗaurin aure aka tura ni bayan gida in kai buhun shinkafa inda ake girki. Na zata mata zan tarar. Matan suna nan, amma mai ba da umarni namiji ne, zai yi shekara arba'in da ɗori, ya ɗaura zani a kan wando, da muciya a hannu kamar sandar hakimi. Tukwane biyar a kan duwatsu. Ya ɗanɗana miya a bayan hannunsa, ya yatsina fuska, ya ce wa Gwaggo, "Hajiya, wannan gishirin na makoki ne ko na biki?" Matan suka kwashe da shewa. A Kano da mun ce ɗan daudu. A Akra yaran lungu "Kojo Besiya" suke kiransa. Gwaggo ta ce shekara goma sha biyar ba a yi suna ko biki a gidan nan ba tare da tukunyarsa ba.

Da ya sunkuya gyara itace na ga tabon. Daga bayan kunne ya gangaro har wuya, ɗinki ne mai kauri, irin na gaggawa. Ya ga na gani.

"Malam Bakano, kallo ba kyauta ba ne. Riƙe mini wannan."

Na riƙe murfin tukunya, tururi yana dukan fuskata. Can da matan suka shiga salla, shi da kansa ya ɗauko maganar, a hankali, idonsa a kan wuta. Shekara uku da suka wuce ne, cikin azumi ma. Samari shida suka tare shi da dare yana dawowa daga aiki, suka karɓe waya, suka ce sai ya kawo kuɗi ko su tona shi, ɗaya ya fasa kwalba. Biyu daga cikinsu ya dafa abincin sunan ƙannensu. Bai je wurin 'yan sanda ba. Na ce me ya sa? Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa ke jiƙa mutum. Sashe na 104 na dokar laifuka ta 1960 yana nan, tushensa tun zamanin Ingilishi, mai ƙara zai iya komawa wanda ake tuhuma kafin ya gama bayani.

Lokacin da abin ya same shi ba daidaituwa ba ce. A ƙarshen Janairun 2021 wata ƙungiya, LGBT+ Rights Ghana, ta buɗe ofishi a Akra. Jakadun Ostareliya da Denmak da jami'an Tarayyar Turai suka halarta, aka ɗauki hotuna, hotunan suka bazu a Facebook. Kafin Fabrairu ya ƙare 'yan sanda sun rufe wurin, gari ya ɗauki zafi, a wannan zafin aka haifi ƙudurin.

"Ni ban san ofishin ba, ban taɓa taka shi ba," in ji shi. "Su sun yi hoto sun koma gidajensu masu maigadi. Ni na biya kuɗin hoton."

Na ce to, ke nan gara su bar ku haka nan. Ya goge hannu a zani, ya zaro wata takarda daga cikin murfin wayarsa, ta sha ninki har ta yi laushi. Lambar waya ce guda ɗaya, ba suna. Ya ce wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba shi ranar da aka yi masa ɗinkin. In an kama ka ko an tare ka, ka kira, lauya zai zo, ba ko sisi. Sau ɗaya ya kira, ba don kansa ba, don wani yaro da aka tsare, kuma lauyan ya zo.

"Wa ke biyan lauyan?"

"Su ɗin dai. Masu hoton." Ya yi wata 'yar dariya. "In aka sa hannu, mai biya shekara biyar. Sai in kira wa?"

Daga baya na tuna labarin mutum 21 da aka kama a garin Ho a watan Mayun 2021. Taron koyon irin wannan aiki suke yi, na taimaka wa wanda aka zalunta ya kai ƙara. Sun yi fiye da mako uku a tsare kafin beli, a watan Agusta kotu ta sallame su don babu hujja.

Ban je Akra don in sauya aƙidata ba, ban kuma sauya ba. Abin da addinina ya haramta ya haramta. Sai dai ban san malamin da ya halatta wa samari shida fasa kwalba a wuyan mutum su gudu da wayarsa ba. Kuma wannan magana ba sai an ɗauko ta daga Janiba ko Washinton ba. Hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka mai zama a Banjul ta Gambiya ta faɗe ta a ƙudurinta mai lamba 275, a Luwanda, a 2014: a daina duka da kisa da kamun zalunci a kan wannan dalili, a hukunta masu yi. A Gana ma akwai 'yan ƙasa da suka tsaya gaban kwamitin majalisa suka ƙi ƙudurin, irin su lauya Akoto Ampaw da Farfesa Audrey Gadzekpo, sannan Kadinal Peter Turkson ya ce a BBC a 2023 bai kamata a mai da abin laifin ɗauri ba. Na gwada faɗin haka a bes. Sunan Turkson ya sa aka ɗan saurara, don nasu ne. Da na ce Banjul, wani ya tambaye ni ko can ma Turawa ne.

Biki ya yi kyau. Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ranar da ake buɗe wasannin Afirka a Akra, gari ya cushe har motar amarya ta yi awa biyu tsakanin Nima da unguwar Madina. Shinkafar ta ƙare tas, har ƙanzo. Na ga samarin lungu sun yi layi da robobi, mai girkin yana zuba musu yana tsokanarsu ɗaya bayan ɗaya. Ban tambaye shi ko akwai na cikin shidan ba. Ranar Lahadi na kama hanyar Aflawo, na ɗauki azumin farko a mota.

Sauran labarin a waya na ji shi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da sashe na 104. Ranar 18 ga Disamba ta kori ƙararraki biyu da aka shigar kan ƙudurin. Akufo-Addo ya sauka a Janairun 2025 bai sa hannu ba, ƙudurin ya faɗi tare da tsohuwar majalisa, wasu 'yan majalisa suka sake shigar da shi a sabuwa, Sam George kuma ya zama ministan sadarwa a gwamnatin Mahama.

Da amaryarmu ta haihu, abokin wasana ya kira ni ranar suna, hayaniya a bayansa. Muka gama zage-zagenmu, na ce a gaishe mini da mai tukwane.

"Ai ya tashi. Mai gidan haya ya ce ba ya son rigima, tun bayan sallar layya. An ce yana wajen garin Kasuwa, hanyar Kef Kos."

"To wa ya yi girki?"

"Wata ce daga Mamobi. Gwaggo tana can tana faɗa, wai shinkafar ta caɓe."