Ranar rufe ƙofa a Mesa

Ƙaramin aikin da na tura wa Mesa daga nan Yamai bai samu shiga fitowar da ke tafe ba. Mesa tarin direbobi ne, wato manhajojin da ke sa katin hoto na Intel da AMD ya yi aiki a tsarin kwamfuta na Linux. An ware reshen fitowar, wato kwafin manhajar da za a saki, ana tsakiyar duba aikin nawa, kuma daga ranar ba a karɓar sabon abu, sai gyaran kurakurai. Na ji zafi, wallahi.

Amma tsarin nan ina bayansa. Mesa tana fita sau 4 a shekara. Bayan an rufe ƙofa, kowane mako ana sakin na gwaji har a ga ya zauna. Linus Torvalds ma, wanda ya ƙirƙiri Linux, mako 2 kacal yake buɗe tasa ƙofar ta karɓar sabon abu.

Ɗalibai nake tunawa, masu tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo. Sabon abu ya shiga a gaggauce, yaro ya sabunta, allo ya yi baƙi ƙirin, ga jarrabawa gobe. Wa zai gyara masa?

Aikina yana nan a babban reshe, ana ci gaba da dubawa. Wata 3 ne, in sha Allahu zai bi motar gaba.