Godiyar gidanmu ga waɗanda suka tsaya wa Autanmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdulillahi. A madadin mahaifiyarmu da ƙannena da duk zuri'ar gidanmu, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki da suka cika mana gida ranar Asabar, don taya mu addu'a da murnar komawar Autanmu filin tanis. Na Fagge da Gwammaja sun zo, wasu sun taho kai tsaye daga fili a Bompai da kayan wasa a jikinsu, wasu kuma waya suka bugo daga Kaduna da Abuja. Allah ya ba da ladan zumunci.

Mutane da dama sun shigo suna tambayar ina kofin. Babu kofi. A wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da shi a gasar matasa da aka yi a Abuja, kuma wanda ya fitar da shi yaro ne daga Legas da ya fi shi ƙarfin sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, babu ja. Abin da ya sa Umma ta ce a ɗora tukunya a kira jama'a shi ne yaron ya buga wasanninsa har ƙarshe, hannunsa bai yi rawa ba, ya je raga ya gaisa da wanda ya doke shi, sannan ya fito ya ce da ni: "Yaya, yunwa nake ji." Wanda ya san halin da muke ciki bara zai gane dalilin da wannan kalma ta sa na juya baya don kada ya ga idona.

Da tsintar ƙwallo ya fara, kamar yawancin yaranmu da suka riƙe raket a ƙasar nan. Yana firamare yake bin wani maƙwabcinmu zuwa fili da yamma, manya su yi wasa, shi ya yi ta gudu yana miƙa musu ƙwallo, a ba shi na alewa. Idan lokacin gasar Dala Hard Court ya zo, gwanayen ƙasar nan suka sauka Kano, ba ma ganinsa sai dare. Wani bawan Allah ya ba shi tsohon raket mai tsagaggen baki, da shi ya koya. Kafin mu farga ya fi ƙarfin sa'o'insa na Kano, ya ci gasar matasa ta ƙasa, daga nan ya ci gasar matasa ta hukumar tanis ta duniya, ITF, irin wadda ake kira J30. Sunansa ya fito a jadawalin duniya. Wani ya ɗauki hoton shafin ya saka a WhatsApp, kafin la'asar ya zagaye unguwa. Daga ranar sunansa ya ɓace a bakin mutane, ya koma "Zakara", wasu kuma "Alcaraz na Kano".

Da ƙauna aka yi, na sani. Amma Alcaraz ɗin da ake kiransa da shi, ɗan wasan tanis na Sifen, ya ci US Open, ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu na duniya, a 2022 yana ɗan shekara 19, ya zama na ɗaya a duniya, da likitoci da masu horarwa a bayansa. Namu yana buga wasa ne da takalmin gwanjo daga Ƙofar Wambai.

Bari in ɗan yi bayanin jadawalin nan, don da yawa cikin masu tambayarsa "na nawa kake yanzu?" ba su san yadda ake lissafinsa ba. Wanda ya ci J30 maki 30 yake samu. Akwai manyanta, J60, J100, har zuwa J500, kowace da yawan makinta. Ana ɗaukar sakamako shida mafi kyau na wasan ɗai-ɗai, a ƙara da kashi ɗaya cikin huɗu na mafi kyau shida a wasan bibbiyu. Abin da ke karya zuciyar yara shi ne makin ba ya zama. Mako 52 kawai yake yi, ya goge. Kamar ƙanƙara ce a hannun mai talla a watan Afrilu, ko ka sayar ko ba ka sayar ba narkewa take. Idan lokacin da ka ci gasa bara ya zagayo ba ka sake cin irinta ba, sai ka wayi gari ka zube, ko da ba ka buga wasa ko ɗaya ka faɗi ba. Gasannin kuma ba a ƙofar gida suke ba. In ba Abuja ba, sai Kwatano ko Lome ko Akara, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci, ga kuɗin shiga. Shekarar da yaro ya cika 18 kuwa, da ƙarewarta ya gama da rukunin matasa. Don haka agogo biyu ne ke bugawa a kansa.

Ciwon gwiwar hannu ne ya fara kama shi, ya ɓoye mana saboda akwai makin da zai kare. Ya je ya faɗi a zagayen farko. Ya sake zuwa wata, ya sake faɗuwa a zagayen farko, a hannun yaron da a da ba ya iya cin gem (ƙaramin kashi na wasa) biyu a gabansa. Daga nan abin ya bar hannu ya koma zuciya. Na tsaya a bakin shingen waya na fili na ga abin da ban taɓa gani ba: ya jefa ƙwallo sama zai yi sabis, ya cafe ta. Ya sake jefawa, ya sake cafewa. Hannun hagun nan da ke jefa ƙwallo tun yana ƙarami ba tare da tunani ba, rawa yake yi kowa na gani. Da ya daure ya buga, raga. Na biyu, waje. Ya ɓarar da gem ɗin gaba ɗaya abokin karawarsa bai taɓa ƙwallo ba. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce "Zakara ya zama kaza", aka yi dariya. Ya ji. Ni ma na ji.

Kowace Litinin ake sabunta jadawalin, kowace Litinin kuma ba ya cin abinci. Cikin dare za ka ga hasken waya a ƙarƙashin bargo. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida, ya koma bin bayan layi zuwa masallaci don kada a tare shi da tambaya. Ya rame. Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar ya ɗora jakar raket a saman kwaba, ya tura ta can ciki. Ya ce: "Yaya, don Allah ka faɗa musu su daina kirana Zakara."

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanin farko a wannan lamari kocinsa ne. Malam, ban san da bakin da zan gode maka ba. Wani zai iya neman sabon yaro ya ci gaba da harkarsa, yara masu hannu ba su ƙare a Kano ba. Kai kuwa gida ka zo, ka zauna a tabarma, ba ka ambaci tanis ba sai da ka tashi tafiya, ka ce masa kana da ƙananan yara da ba ka da mai tayaka koya musu riƙon raket, ko zai taimaka. Da haka ka mayar da shi fili ta ƙofar baya. Ka cire shi daga duk wata gasa, ka bar makin ya zube har sunansa ya kusa fita daga jadawalin, mutane suna cewa ka kashe yaro, ba ka tanka ba. Da hannun ya warke ka sa shi wasa ba a ƙirga maki, ka sa shi jefa ƙwallo sama ta faɗo a kan raket da ka ajiye a ƙasa, safe da yamma, cikin ƙurar hunturu, har hannun ya tuna aikinsa.

Kai ne kuma ka zaunar da mu, mu 'yan gida, ka ba mu labarin Emma Raducanu ta Birtaniya, wadda ta ci US Open a 2021 tana shekara 18, ta taso daga wasannin share fage tana ta 150 a duniya, ta ci wasa 10 ba ta rasa saiti (babban kashi na wasa) ko ɗaya ba. Bayan nan aka sa mata ido, rauni ya biyo rauni, a 2023 aka yi mata tiyata a wuyan hannu biyu da idon sawu, har ta fita daga cikin 200 na farko. Ka ce Naomi Osaka, da manyan kofuna huɗu a hannunta, ta janye daga gasar Faransa a 2021 ta fito ta ce damuwa ce ke cin ta. Wadda ta fi shiga ran Umma ita ce Ons Jabeur ta Tunisiya: ta ci gasar matasa ta Faransa a 2011, amma sai 2017 ta shiga cikin 100 na farko a manya, sannan ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon, babbar gasar Ingila, a 2022 da 2023. Umma ta ƙirga da yatsunta ta ce: "Shekara shida. To mu gaggawar me muke yi?" Tun ranar babu wanda ya ƙara ambaton lamba a gidanmu.

Godiya ga likitar motsa gaɓoɓi da ta kula da gwiwar hannun, ta kuma kira ni gefe ta ce ciwon da ya fi girma ba a hannu yake ba, ta haɗa mu da likitan da ke duba masu damuwa. Wannan magana ta yi mana nauyi a farko, don wasu na cewa kambun baka ne, wasu na cewa hannu aka sa masa. A nan nake gode wa malamin islamiyyarsu. Da Umma ta kai masa maganar, ya ce a riƙe azkar na safe da yamma, a yi sadaka, kuma gobe da safe a je wurin likitan, don neman magani ba ya karo da tawakkali. Maganarsa ce ta buɗe mana ƙofa. Likita, kai ne mutum na farko da yaron ya iya faɗa wa cewa tsoron ba mu kunya ne ke hana shi barci. Allah ya yi wa zuri'arka albarka.

Akwai wani Alhaji a Kantin Kwari da ya hana ni bayyana shi, kuma zan kiyaye. Lokacin da ake cin kofi masu cewa za su ɗauki nauyi sun yi yawa, da faɗuwa ta zo wayoyi suka daina shiga. Shi kuwa a lokacin ne ya aiko da kuɗin asibiti, daga baya ya biya kuɗin motar Abuja. Duk sanda muka haɗu tambayarsa ɗaya ce: "Yaron yana cin abinci?" Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya tsare maka dukiyarka da iyalinka.

Ba zan manta da mai saƙa raket ba, wanda ya yi ta saƙa mana bashi yana cewa a kawo in an samu. Da mai gyaran takalmi na bakin layinmu. Filin siminti cin takalmi yake yi, musamman kan yatsan ƙafar da ake ja wajen sabis. Mai gyaran yakan yanko roba ya liƙa a daidai wurin, ya goge gefenta da hannunsa har ta yi sumul, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce rabonsa ke nan a wasan. Da mai adaidaita sahun da ke tsayawa a ƙofar gidanmu bayan sallar asuba, cikin sanyi, ya kai shi fili kafin ya fara neman nasa. Da malaman makarantarsu da suka ba shi darasin da ya wuce shi har ya zauna jarrabawar WAEC da sauran 'yan ajinsu. Da manyan da ke wasa da yamma, waɗanda suke tara masa ƙwallayen da suka fara sanƙo don atisaye.

Abokin wasansa na bibbiyu ya ba ni mamaki. Yaro ne sa'ansa, kuma faɗuwar Auta ita ta ba shi damar hawa sama a Kano. Duk da haka kullum sai ya kira, ba zancen wasa ba, zancen Kano Pillars da na makaranta. Da za a koma gasa ya ƙi haɗuwa da kowa, ya ce shi zai jira. Iyayenka sun yi tarbiyya, ɗana, Allah ya raya ka.

Umma, ke kuma ba a gode miki a Facebook, don ba kya ciki, amma ƙanwata za ta karanta miki. Ba ki taɓa sanin yadda ake ƙirga makin tanis, 15 da 30 da 40, ba, har yau ba ki sani ba. Abin da kika sani shi ne zama a bakin gadonsa da kofin kunu har ya shanye, da tashi cikin dare. Allah ya ja da ranki, ya jiƙan Baba da bai ga wannan rana ba.

Ga waɗanda suka yi dariya a ranar, da waɗanda suka rubuta abin da suka rubuta, Auta ya ce in faɗa ya yafe, mu ma mun yafe. Roƙona dai ga duk mai zuwa kallon yara a fili: yaro ɗan shekara 16 yana jin abin da ake faɗa a bakin shingen fili, kuma da shi yake kwana. Muna da burin ganin ɗan Kano ya kai inda ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai, zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ko ya wakilci Najeriya a Olamfik kamar yadda Sadiq Abdullahi ya yi a 1988. Ni ma ina da wannan burin, ba zan ɓoye ba. Amma ba na son a biya shi da lafiyar ƙanina.

Zai ci gaba da atisaye da safe, da yamma kuma yana nan yana koya wa ƙananan nan, don ya ce ba zai bar su ba. Malam ne zai zaɓi gasar da zai shiga da wadda zai bari. In kun haɗu da shi a hanya ku kira shi da sunansa na yanka, ku tambaye shi karatu, ku sa masa albarka.

Waɗanda ban ambata ba su yi mini afuwa, yawa ne ya yi yawa, ba raini ba. Matan unguwa da suka kwana a kan girki, da samarin da suka shimfiɗa tabarmi suka kuma kwashe, da limaminmu da ya ja addu'a, mun gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci, ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.