Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwal Ɗin da Ya Yi Kwantai

A makon jiya na tsaya a kan yadda na soma karatun akanta a Ingila da tallafin gwamnatin Jihar Arewa. A shekarar 1959 malaminmu na lissafin kuɗin masana'antu ya kai mu yankin Yokshiya, domin mu gane wa idanunmu abin da jaridu ke ta cece-kuce a kai, wato kwal ɗin da Hukumar Kwal ta Ƙasa ta haƙo amma ta rasa mai saye, har ta koma jibge shi a filaye da tsofaffin ramukan fasa dutse.

Tun ranar 1 ga Janairu 1947 gwamnatin jam'iyyar Leba ta karɓe ramukan kwal daga hannun 'yan kasuwa, aka kuma yi shekara goma ana kukan ƙarancinsa, har ana roƙon ma'aikata su fito aiki ranar Asabar. Daga 1957 kasuwa ta juya baya, domin baƙin mai ya yi araha, masana'antu sun koma gare shi, jiragen ƙasa sun fara shan dizal, dokar tsabtace iska ta 1956 kuma ta soma hana ƙona kwal mai hayaƙi a wasu unguwanni. Kafin ƙarshen 1959 abin da ke jibge a hannun hukumar ya haura tan miliyan 35.

Abin da malaminmu ya so mu fahimta shi ne, a littafi ana rubuta wannan tsibi a sahun kadara, alhali kullum ci yake yi. Ana biyan kuɗin kai shi wurin ajiya, za a sake biyan na kwaso shi, ga hayar fili, ga kuɗin ruwa a kan bashin da aka karɓo daga baitulmali aka biya albashin waɗanda suka haƙo shi. Ni ɗan gidan fatake ne, na saba ganin ana ɓoye hatsi da kaka a fito da shi da damina a ci riba, amma shi kwal ruwa da iska suna rage masa ƙarfi, kuma idan ba a danne tsibin da kyau ba yakan ɗauki zafi ya kama wuta da kansa, sai an sa masu auna zafinsa.

Duk da haka ban ga laifin hukumar sosai ba, domin mutum wajen dubu 700 ke cin abinci a ƙarƙashinta, kuma rufe rami guda tamkar tashin ƙauye guda ne. Sai dai lokaci kawai ajiyar ta saya musu. Bayan Alfred Robens ya karɓi shugabancin hukumar a 1961 an ci gaba da rufe ramuka, ta yadda zuwa 1971 ma'aikatan ramukan ba su kai dubu 300 ba.

A cikin wannan hali ne wasiƙa ta iso mini daga gida cewa jiragen ƙasan Najeriya ma sun fara barin kwal ɗin Inugu, kuma daga nan za mu tashi a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.