Ranar da aka ce wa ɗinkina "chic"

Laraba, bayan sallar isha'i.

Jiya na aika da doguwar rigar nan ta shadda ruwan toka da na kwana uku a kanta. Ba dutse ko ɗaya, ba aiki a ƙirji, sai siririn baƙin zare da na bi bakin wuya da bakin hannu da shi. Tun ranar da na ɗora almakashi ƙanwata take cewa, "Yaya, rigar nan ta yi shiru da yawa, ki ɗan watsa mata duwatsu mana." Na ƙi.

Yau da la'asar Hajiyar da ta ba da ɗinkin ta turo hotonta ta WhatsApp daga Maraɗi, ta rubuta a ƙasa: "Très chic." Ƙanwata ce ta fara gani. Ta karanta "cik", nan take ta ɓata rai, wai an kira aikina ɗan tsako. Gabana ya faɗi, na kira Hajiya. Ta ce, "Haba 'yata, shik ake cewa. Yabo ne. Duk wadda ta gan ni a wurin sunan sai ta tambayi telata."

Da na rufe shago na zauna na bi kalmar. Ashe Turancin ma aro ya yi daga Faransanci, wajajen shekarun 1850, ya kuma bar ta da lafazinta, shi ya sa "ch" ɗin ke fita kamar "sh", irin na chef. Wadda ƙanwata ta ji kuwa chick ce, ita ce ɗan tsako. Ana cewa riga chic, ko ɗaki, ko gidan cin abinci, in abin ya tsaru ba tare da hayaniya ba. Na ga hoton baƙar rigar Coco Chanel, mai tsara tufafi 'yar Faransa, da mujallar Vogue ta buga zanenta a 1926: dogon hannu, ba tarkace, yanka ne kawai ya zauna. Na daɗe ina kallonta.

Mu ma mun ari gaye daga guy, har muka samu gayu da 'yan gayu. Amma ɗan gayu daga nesa yake so a hango shi. Wannan kuwa sai an matso ake ganin kafaɗa ta zauna daidai, ɗinki bai karkace ba. Mafi kusa da ita a bakinmu, a ganina, ita ce a ce mace tana da aji.

Shekara tara ina kan keke, mafi yawan yabon da nake samu na duwatsu ne da ƙyalli, abin da kowa zai iya saya a Kantin Kwari. Yau yankana aka yaba. Wallahi sai da idona ya ciko.

Ragowar shaddar yadi biyu ne. Ƙanwata ta ce in ajiye mata, gobe da safe zan auna ta.